Neman Mutum na Goma a Majami'un Yahudawan Niyok

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuni, zafi kuma ya kankama a birnin Niyok na Amurka, sai majami'un Yahudawa su shiga wata damuwa da ke dawo musu kowace shekara, watau rashin jama'a. Magidanta sun kwashe iyali sun tafi hutu, yara sun tafi sansani, shi kansa malamin majami'a, wanda suke kira rabai, yakan ɗauki nasa hutun ya bar wa dattawa jagorancin addu'a.

To, abin ba ƙarami ba ne a wurinsu. A dokar addininsu, ibadar jam'i ba ta tsayuwa sai an sami baligai goma, abin da suke kira minyan. In tara ne, ba za a fito da naɗaɗɗen littafin Attaura a karanta wa jama'a ba, kamar yadda aka saba ran Litinin da Alhamis da Asabar. Haka kuma ba za a yi kadish ba, addu'ar da wanda uwa ko uba ya rasu masa yake yi kullum har wata 11. Mai makoki kuwa ba shi da hutu. Saboda haka ne a watan Yuli akan ga mai kula da majami'a tsaye bakin ƙofa da sassafe yana duban hanya, ko yana buga wa mutane waya, ko za a dace da na goma. Masu riƙo da tsohuwar al'ada maza kaɗai suke ƙirgawa. Ɗariƙar masu matsakaicin ra'ayi ta yarda a ƙirga mata tun 1973, wannan kuwa ya rage wa majami'unta wahala.

Har wa yau akwai tsawon yini. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Niyok sai wajen ƙarfe 8:30 na dare, alhali hutun Asabar daga faɗuwar ranar Juma'a yake somawa. Don kada yara su yi barci ba a ci abincin dare ba, majami'u da yawa sukan shigar da Asabar tun wajen ƙarfe 7.

Abin mamaki, azumi mafi baƙin ciki a shekararsu a tsakiyar hutun nan yake faɗowa, cikin Yuli ko Agusta. Shi ne na 9 ga watansu na Ab, na kimanin awa 25 ba ci ba sha, don tunawa da rushe Haikalin Birnin Ƙudus da Babilawa suka yi shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa, da kuma wanda Rumawa suka yi a shekara ta 70. A daren sukan zauna a ƙasa cikin ɗan haske su karanta littafin Makoki. Mako 3 kafin nan ba a ɗaura aure.

Dabarar da ta fi yi musu amfani ita ce ibada ta bi mutane inda suka tafi. A duwatsun Katskil, arewa maso yamma da birnin, manyan otal na Yahudawa sun mutu, shahararren nan Grossinger's ma an rufe shi a 1986, amma ƙananan gidajen haya suna cika da iyalai daga Buruklin. A garin Wudbon akwai wata tsohuwar majami'ar katako inda jam'i ke bin jam'i daga asuba har tsakar dare. Yara kuwa, a sansanoni irin na Rama, wanda aka fara a jihar Wiskonsin a 1947, su da kansu suke jagorantar addu'ar safe.

Wajen ƙarshen Agusta watan Elul yakan kama. Daga nan a majami'u da yawa akan busa ƙahon rago kowace safiya ban da Asabar, ana shirin sabuwar shekara, matafiya kuma suna dawowa kujerunsu.