Allurar Narkar Da Cikon Fuska: Me Take Yi Wa Naman Jiki?

Duk wanda ya zauna a Maiduguri ya san ba a kai amarya ɗaki sai ta sha gyara. A unguwar Bolori, kamar sauran unguwannin garin, dilka da halawa da lalle da turaren wuta aka gada, kuma dukkansu a bayan fata suke tsayawa. To, yanzu wayar hannu ta kawo wa 'yan mata labarin wani sabon yayi, watau allurar cika kumatu da leɓɓa, wadda ake yi a manyan birane irin su Ikko da Abuja. 'Yan'uwanmu mazauna Agege da Sabon Badun, da yake su ke aiko kuɗin biki, ya kamata su san abin da kuɗin ke iya sayowa.

Yawancin cikon nan wani abu ne mai yauƙi da likitoci ke kira hayaluronik asid. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Restylane a 2003, da Juvederm a 2006. In aikin ya ɓaci, fuska ta yi ƙulu-ƙulu ko leɓe ya karkace, sai a yi wata allura mai suna hayaluronides don ta narkar da shi. Galibi daga marainan raguna ko na bijimai ake samo ta.

Abin da ke tayar wa mata hankali shi ne, jikin ɗan Adam ma yana da nasa hayaluronik asid, wajen giram 15 ga mai nauyin kilo 70, kusan rabinsa a fata, kuma shi ke riƙe mata ruwa. Allurar ba ta san na gida da baƙo ba, duka take ci. Sai dai jiki yana sabunta sulusin nasa kowace rana, saboda haka likitoci suna ganin abin da ya salwanta yana dawowa cikin 'yan kwanaki.

Duk da haka akwai matan da ke kukan cewa fuskarsu ta zabge bayan narkarwar. Wani ɓangaren dalilin a fili yake. Cikon ya daɗe yana miƙe fata, shekaru kuma suna tafiya a ƙarƙashinsa, har hoton asibiti ya nuna yakan wuce shekara 10 a fuskar wasu. Ranar da ya fita, mace za ta ga fuskar da ta daɗe ba ta gani ba. Har ila yau, wadda harbin zuma ke tayar mata da borin jini tana cikin hatsari, don dafin zuma yana ɗauke da irin wannan sinadari.

Babbar masifa ita ce a ce abin da aka ɗura tun farko silikon ne ko wani mai, irin wanda marasa ilimin likita ke yi a bayan shago. Wannan allurar ba ta taɓa shi, naman jiki kan daskare a kewayensa, wani lokaci sai an yi fiɗa. Don haka wadda aka riga aka yi wa, ta nemo sunan maganin da kwalinsa, ta duba lambar NAFDAC, ta kai wa likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri kafin kowa ya sake kusantar fuskarta da allura.