Me ya sa kunnenka ba ya yarda waƙa ta tsaya a kan G7?

In kana da fiyano a kusa, ko da na cikin waya ne, danna G, B, D tare. Wannan shi ne kod ɗin G, wato haɗin sauti uku. Yanzu ƙara F a sama. Ka ji yadda abin ya koma kamar tambayar da ke jiran amsa? Shi ake rubutawa G7, saboda in ka ƙirga fararen maɓallai daga G, F ne na bakwai.

Rashin natsuwar daga B da F take fitowa. B na tsakiyar fiyano yana kaɗawa kusan sau 494 a daƙiƙa, F na samansa kuwa kusan 698. Raba su, za ka samu 1.414, lambar da ba ta zauna daidai a kan 3:2 ko 4:3 ba, irin rabon da kunne ya fi sakewa da shi. To amma kowannensu taki ɗaya tak ya rage masa ya huta: B ya hau C, F ya sauko E. Danna C, E, G ka ji. An iso gida.

A ganina haddace wannan a takarda wahalar banza ce, tunda kunnenka ya riga ya san shi. Ɗauki "Happy Birthday". In aka kaɗa ta a C, layin farko yana ƙarewa a B, a kan G7, shi ya sa ba mai iya yin shiru a nan. Layi na biyu ne yake sauke ka a C. Gwada hakan da waƙar da ka fi so: nemo inda take hutawa, sannan ka saurari kod ɗin da ya zo daf da shi.

Sai dai fa ba lissafi kaɗai ba ne, har da sabo. Kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka yakan ɗora bakwai a kan duka kod ukunsa, C7, F7, G7, har da na gidan, kuma masu saurare ba sa jin wani abu ya rage. Beatles ma da E7 suka buɗe "I Saw Her Standing There" a 1963, suka yi zamansu a kai.