Girka Manhajar Rubuta Shirye-shiryen Kwamfuta a Cikin Kwantena Domin Aiki Daga Nesa: Waiwaye a Kan Manyan Makarantun Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake ɗora manhajar rubuta shirye-shirye a kan babbar kwamfuta mai masauki, wato saba, ta hanyar fasahar kwantena, domin ɗalibi ya yi aiki ta burauza kaɗai. An dubi amfanin tsarin ga makarantun Daura, da matakan girka shi, da haɗurran da ke tattare da shi.

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan Daura ta samu manyan makarantun tarayya masu koyar da kimiyya da injiniyanci, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Koyon rubuta shirye-shirye yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, da wutar lantarki mai ɗorewa, da kayan aiki iri ɗaya ga kowa. Ɗalibin da yake da tsohuwar laftof yakan ɓata kwanaki wajen girka manhajoji kafin ya rubuta layi ɗaya, kuma shirin da ya yi aiki a kwamfutarsa kan ƙi tashi a ta malaminsa saboda bambancin siga. Wannan ce matsalar da tsarin yake neman warwarewa.

2.0 Ma'anar Kwantena

An aro sunan daga kwantenar da ake loda kaya a jiragen ruwa: ko mene ne a ciki, girmanta da yadda ake ɗaukarta ba sa canzawa. A fagen kwamfuta, kwantena ƙunshi ne da ya haɗa manhaja da duk abin da take dogaro da shi. Ba ta ɗauke da cikakken tsarin gudanarwa nata, tana aron zuciyar Linux ta kwamfutar da ta ɗauke ta ne, shi ya sa take tashi cikin daƙiƙoƙi. Manhajar Docker, wadda Solomon Hykes ya gabatar a 2013, ita ce ta yaɗa wannan fasaha.

Ita kuwa manhajar rubutun, kamfanin Microsoft ya fitar da Visual Studio Code a 2015. A 2019 kamfanin Coder ya saki code-server, wadda ke gudanar da ita a kan saba, mai aiki yana ganinta ta burauza. Tarawa da gwajin shiri duk a sabar suke faruwa, na'urar ɗalibi taga ce kawai.

3.0 Matakan Girkawa

Na farko shi ne samar da saba mai Linux, ko dai ta haya ko wata kwamfuta a ɗakin gwaji mai batir da faranti mai amfani da hasken rana. Mutum ɗaya yana buƙatar aƙalla gigabayit 1 na ma'adanar wucin gadi da ƙwaƙwalwar sarrafawa 2, aji kuwa sai an ninka.

Na biyu, a girka Docker, sannan a sauko da samfurin codercom/code-server. Daga samfuri guda ake tayar da kwantenoni da yawa, saboda haka kowane ɗalibi zai sami kayan aiki iri ɗaya da na abokinsa.

Na uku, a haɗa kwantenar da wata ma'ajiya a faifan sabar. Wannan mataki ya fi kowanne muhimmanci, domin duk abin da aka rubuta a cikin kwantena yakan shafe idan aka goge ta. Wanda ya tsallake shi yana iya rasa aikin zango guda a dare ɗaya.

Na huɗu, manhajar tana sauraro a ƙofa mai lamba 8080, kuma tana ajiye kalmar sirri a fayil ɗin config.yaml. Ya kamata a tsare ƙofar a adireshin 127.0.0.1, sannan a sa mai gadi irin Nginx ko Caddy a gabanta, tare da takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt, wadda kyauta ce. Dole mai gadin ya bari hanyar WebSocket ta wuce, in ba haka ba shafin zai buɗe amma ba zai yi aiki ba.

4.0 Haɗurra da Iyakoki

Duk wanda ya shiga manhajar ya sami damar ba da umarni a cikin kwantenar, don haka kalmar sirri mai rauni tamkar barin ƙofar gida a buɗe ce. Kada ɗalibai biyu su haɗa kwantena ɗaya, kuma a ƙayyade wa kowace rabonta na ƙarfin sabar, domin kada shirin mutum ɗaya ya durƙusar da na sauran.

Nisan saba ma yana da tasiri. Rubutu a shafin aiki yana bayyana nan take saboda a burauza yake gudana, amma kowane harafi na tagar umarni sai ya je sabar ya dawo. Saba a harabar makaranta ko a Legas ta fi wadda ke Turai saurin amsawa. Haka kuma code-server tana ɗauko ƙarin kayan aiki daga rumbun Open VSX na Gidauniyar Eclipse ne, saboda sharuɗɗan Microsoft sun keɓe rumbunta ga manhajojinta. Wajibi ne malami ya tabbatar abin da darasinsa ke buƙata yana can kafin a fara zango.

5.0 Kammalawa

Wannan tsari yana ɗauke nauyi daga aljihun ɗalibi ya mayar da shi kan saba guda da makaranta za ta iya kula da ita. Idan wuta ta ɗauke ko laftof ta lalace, aikin yana nan. Sai dai nasararsa ta rataya ne a kan abubuwa uku: ma'ajiya mai ɗorewa da ake kwafe ta a kai a kai, tsaro mai ƙarfi, da ma'aikaci guda da aka ɗora wa alhakin sabunta samfurin. Sashen da ke son gwadawa zai iya farawa da aji ɗaya a kan hanyar sadarwa ta cikin harabar makaranta, inda ɗalibai ba za su kashe ko kwabo a kan data ba.