Kaspar: Mutum-mutumin da ke koya wa yara masu lalurar otizim mu'amala da mutane

Ga yaron da ke da lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, fuskar ɗan Adam aiki ce babba. A lokaci guda gira ta motsa, ido ya juya, murya ta canza, kuma ana so ya fahimci duk wannan nan take. Yara da yawa sai su kawar da kai kawai.

Wannan matsalar ce masu bincike a Jami'ar Hertfordshire da ke Ingila suka duba lokacin da suka ƙera Kaspar a 2005, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kerstin Dautenhahn. Girmansa kamar na ƙaramin yaro ne, yana sanye da riga da hula. Da gangan aka rage wa fuskarsa motsi: murmushinsa na yau shi ne na gobe, ba ya gajiya da maimaita wasa, ba ya kuma fushi. Yaro ya san abin da zai biyo baya, sai hankalinsa ya kwanta.

Akwai na'urorin jin taɓi a jikinsa. Idan yaro ya yi masa cakulkuli sai ya yi dariya. Idan ya mare shi ko ya matse shi da ƙarfi, sai ya juya fuska ya ce ya ji zafi. A nan yaron ke koyon cewa abin da hannunsa ya yi yana shafar wani, ba tare da an ji wa kowa ciwo ba. Galibi malami ko mai kula da yaron na gefe yana sarrafa shi da rimot.

To, abin da aka koya yana bin yaro zuwa wajen mutane? A 2018 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun ajiye mutum-mutumi mai suna Jibo a gidajen yara 12, ana wasa da shi minti 30 kullum har wata guda, tare da iyaye. Yaran sun ƙara iya mai da hankali kan abu ɗaya tare da babba, ko da na'urar ba ta wurin.

Sai dai yara 12 ba su da yawa, kuma na'urorin na da tsada. Otizim ba abu ne da na'ura ke warkarwa ba, don haka duk tallan da ka gani a waya yana yi maka wannan alƙawarin, kada ka tura kuɗinka.