Ɗari da Noman Lambu a Ƙasar Bici: Yadda Sanyin Hunturu ke Cutar da Shuka da Dabarun Kare ta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda sanyin hunturu ke shafar kayan lambu a ƙasar Bici ta jihar Kano, da dabarun da ake bi wajen kare su. An fara da tantance kalmomin da Hausa ke ambaton sanyi da su, domin nuna cewa barazanar da ke fuskantar mai lambu a nan ta sha bamban da ta ƙasashen da ruwa ke daskarewa. Daga nan aka bayyana dalilan faɗuwar sanyi da asuba, da illarsa ga kowane rukunin shuka, sannan aka auna dabarun gargajiya da na zamani da ma'aunin kimiyya. Maƙalar ta nuna cewa darni da rumfar kara da kula da lokacin ban ruwa suna da tushe mai ƙarfi, kuma fassarar shawarwarin noma ba tare da la'akari da muhalli ba tana iya ɓatar da manomi.

Fitilun kalmomi: ɗari, hunturu, lambu, darni, Bici

1.0 Gabatarwa

Ga mai lambu, hunturu lokaci ne mai fuska biyu. A cikinsa ne tumatir da albasa da alkama suka fi yin kyau a ƙasar Kano, domin zafin bazara da cututtukan damina ba sa barin su su sake. A cikinsa ne kuma dare biyu ko uku na muku-mukun sanyi kan kaɗe furen tattasai, ko su tsayar da irin da aka yafa, har manomin da ya ci bashin taki da man injin ban ruwa ya rasa tsinka ta farko, wadda ita ce mai tsada a kasuwa. Yawancin rubuce-rubucen da ke yawo a intanet kan kare shuka daga sanyi an yi su ne domin Turai da Amurka. Saboda haka akwai buƙatar a fayyace wa manazarta Hausa, musamman masu fassara da masu nazarin fasahar gargajiya, ainihin abin da ke faruwa a lambun Bahaushe.

2.0 Bici da Noman Rani

Garin Bici yana kan hanyar Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 40 arewa maso yamma da birnin Kano. Yankin yana da irin yanayin karkarar da Mortimore da Wilson suka bayyana a nazarinsu na 1965 kan ƙasar Kano mai cunkoson jama'a: gonaki ƙanana, a jere babu saura, ana noma su kowace shekara da taimakon takin gida. A irin wannan wuri, wanda ya samu ɗan fili a fadama ko a bakin ruwa yakan mayar da rani lokacin neman kuɗi. Madatsar ruwa ta Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai, maƙwabciyar Bici, ta faɗaɗa wannan sana'a, haka ma yaɗuwar rijiyoyin burtsatse da ƙananan injina tun daga shirin Fadama na shekarun 1990, waɗanda suka maye gurbin jigo. Ƙanƙantar filayen tana da muhimmanci ga wannan batu: asarar fangali kaɗan babbar asara ce ga mai shi, amma kuma ƙaramin fili yana da sauƙin kewayewa da rufewa.

3.0 Kalmomin Sanyi a Hausa

Hausa ba ta haɗa duk nau'o'in sanyi a kalma ɗaya ba. Ƙamusoshin harshen, tun daga na Bargery na 1934, sun bambanta ɗari, wato busasshen sanyi irin na rani, da sanyi, wanda asalinsa ya fi karkata ga mai danshi, ko da yake a maganar yau kalmar sanyi ta mamaye duka biyun. Hunturu shi ne lokacin da kuma iskarsa, hazo shi ne ƙurar da ke dushe rana, raɓa kuwa danshin da ke sauka a kan ganye da dare. Ƙanƙara tana nufin wadda ke zubowa tare da ruwan sama, daga baya aka faɗaɗa ta ga daskararren ruwa, har aka ƙirƙiri dusar ƙanƙara.

Abin lura shi ne babu wata sananniyar kalma ta musamman da ke nufin raɓar da ke daskarewa a kan ganye, wadda ita ce babbar abokiyar gabar manoman Turai. Dalili kuwa a fili yake: ba ta cikin muhallin. Matsakaicin sanyin dare a Kano cikin Disamba da Janairu yana wajen digiri 13 a ma'aunin Selsiyas, wasu darare yakan sauka ƙasa da 10, alhali ruwa ba ya daskarewa sai a sifili. Sai a wurare masu tudu sosai, kamar duwatsun Azbin a arewacin Nijar, masu lambu kan gamu da daskarewa ta haƙiƙa. Idan mai fassara ya ce wa manomin Bici ya kare shukarsa daga ƙanƙara, manomin zai fahimci wani abu daban, ko ya ɗauka maganar ba ta shafe shi ba, alhali ɗari yana yi masa ɓarna.

4.0 Yadda Ɗari ke Faɗuwa da Yadda Yake Illa

Iskar hunturu tana kaɗowa ne daga arewa maso gabas, daga Sahara, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kuma kaso mai yawa na ƙurarta yana tasowa daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi. Iska ce busasshiya ƙwarai. Da rana ƙasa kan sha zafin rana, da dare ta sake shi zuwa sama. Gajimare da danshin iska su ne bargon da ke mayar da wani sashe na wannan ɗumi ƙasa. A hunturu babu su, don haka ɗumin yakan tsere, sanyi ya yi ta ƙaruwa har ya kai maƙura gab da fitowar rana. Daren da ya fi haɗari shi ne wanda ya biyo bayan yinin hazo, wanda ƙasa ba ta sha rana sosai ba, sannan sama ta washe iska ta kwanta. Haka kuma iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, takan gangara kamar ruwa ta taru a kwari. Wannan ne ya sa fangalin da ke ƙasan fadama ya fi na kan tudu shan ɗari, ko da a lambu ɗaya suke.

Daskarewa tana kashe shuka ne ta hanyar ƙanƙarar da ke samuwa a cikin ganye ta lalata ƙwayoyin halittarsa. Ɗari kuwa ba sai ya kai nan ba. Shuke-shuken da asalinsu na ƙasashe masu zafi ne, idan sanyi ya sauka wajen digiri 10 zuwa 12, fatar ƙwayoyin halittarsu takan ƙage, saiwa ta rage shan ruwa da abinci. A daidai wannan lokaci busasshiyar iska tana zuƙe ruwan ganye. Shi ya sa ake ganin shuka ta yi yaushi da hantsi alhali ƙasarta a jiƙe take, gefen ganyenta ya bushe, abin da manoma ke cewa sanyi ya ƙone ta.

Illar ba ɗaya ba ce ga kowace shuka. Kuɓewa da kankana da gurji da tattasai da attarugu su ne suka fi rauni: irinsu yakan daɗe bai tsiro ba a ƙasa mai sanyi, girmansu ya tsaya, furensu ya zube. Tumatir yana tsaka-tsaki. Yana son dare mai sanyi-sanyi, amma idan sanyin ya yi ta sauka ƙasa da digiri 13 garin furensa ba ya yin kyau, sai fure ya kaɗe ko 'ya'yan su fito a murɗe. Alkama da kabeji da latas da karas kuwa sanyin suke nema, shi ya sa masana ke ba da shawarar a shuka alkama daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Albasa tana da nata hali: idan ɗari ya same ta bayan ta yi girma, yakan sa ta fitar da tsinken fure. Ga mai neman kai wannan asara ce, ga mai neman iri kuwa abin so ne.

5.0 Dabarun Kariya

5.1 Darni da Zana

Kewaye lambu da karan dawa ko zanar gamba tsohuwar al'ada ce da akan ɗauka ta tsare dabbobi ce kawai. Amfaninta ga shuka ya wuce haka. Shinge yana rage ƙarfin iska a bayansa har nisan da ya kai kimanin ninki goma na tsawonsa, wato darni mai tsawon mita 2 yana iya tsare kusan mita 20. Shinge mai ɗan kafofi ya fi katanga, domin katanga takan sa iska ta haura ta faɗo da ƙarfi a bayanta. A nan darni ya dace da ƙa'ida. Gefen arewa da gabas ne suka fi buƙatarsa. Gefen gangara kuwa ya kamata a bar masa kafa a ƙasa, don kada shingen ya zama madatsar da za ta tare iska mai sanyi a kan shuka.

5.2 Rufe Iri

Irin da aka yafa shi ne mafi rauni kuma mafi sauƙin karewa. Akan kafa 'yar rumfa ta itace a shimfiɗa kara ko ciyawa ko tsohuwar tabarma a samanta. Rufin yana tare ɗumin da ƙasa ke saki, saboda haka a ɗora shi da la'asar sakaliya tun ƙasa na da ɗumi, a yaye shi da hantsi. Akwai bambanci tsakanin wannan da baza ciyawa ko ƙaiƙayi a gindin shuka. Abin da aka baza a ƙasa yana riƙe laima yana kuma kare saiwa, amma yana hana ɗumin ƙasa isa ga ganye da dare. Don haka idan ganye da fure ake son karewa, rufin sama ne magani.

5.3 Ban Ruwa

Ƙasa mai laima ta fi busasshiya ajiye zafin rana. Idan aka ga alamun dare mai tsanani, ban ruwa da hantsi ko kafin azahar yana ba rana damar ɗumama ƙasar. Jiƙa ganye da magariba kuwa kuskure ne, domin ruwan da busasshiyar iska ke ɗauke wa daga ganye yana tafiya da ɗuminsa. Yawan ruwa ma illa ne, tunda saiwar da sanyi ya kama ba ta sha sosai, kuma tana iya ruɓewa.

5.4 Lokaci, Wuri da Taki

Rigakafi ya fi magani. Kuɓewa da kankana sun fi dacewa da shuka kafin ɗari ya kama, ko bayan ya fara sauƙi a Fabrairu. A ba su fangalin kan tudu ko na jikin darni, a bar wa kabeji da latas na ƙasa. Yawan takin yuriya gab da tsananin sanyi yana fito da toho mai laushi wanda ba ya jurewa. Rage wa iri ruwa da inuwa a hankali na kusan mako guda kafin dashe yana ƙarfafa shi.

6.0 Rumfar Leda da Dabarun Waje

Rumfunan leda da na raga sun fara bayyana a wajen rainon iri a jihar Kano, kuma akan ɗauka cewa suna maganin sanyi baki ɗaya. Lamarin yana buƙatar tantancewa. Ledar da aka saba samu tana tare iska, amma ɗumi yana ratsa ta cikin sauƙi, ta yadda da asuba cikin rumfar ba ya fin waje ɗumi da yawa. Ganyen da ya taɓa ledar kuma ya fi saurin lahanta. Abin da ke taimakawa shi ne rufe rumfar kafin faɗuwar rana, da ƙara mata buhuna ko zana a sama, da ajiye jarkoki ko durom na ruwa a ciki su sha zafi da rana su sake shi da dare. Haɗari mafi girma yana zuwa ne da rana: rumfar da aka manta ba a buɗe ba tana iya dafa iri cikin sa'o'i kaɗan, ko a tsakiyar Janairu.

Wasu dabarun kuma ba na nan ba ne. A watan Afrilun 2021 manoman inabi a Faransa sun kunna dubban kyandirori a gonakinsu domin ceto toho daga daskarewa. Manoman Fulorida a Amurka kan yi ta fesa ruwa tsawon dare, domin ruwan da ke daskarewa yana sakin ɗumin da ke tsayar da ganye a kusa da sifili. Wannan dabara ba ta da amfani inda ruwa ba ya daskarewa. A Bici ba za ta haifar da komai ba sai ƙarin sanyi da asarar mai. Haka ma turnuƙe lambu da hayaƙi: hayaƙi ba ya riƙe ɗumi yadda gajimare ke yi, kuma wuta kusa da busasshen darni cikin hunturu ganganci ne.

7.0 Kammalawa

An nuna cewa abin da ke cutar da kayan lambu a ƙasar Bici haɗuwar abubuwa uku ne: saukar sanyi da asuba, busasshiyar iska, da hazon da ke rage zafin rana. An kuma ga cewa darni da rumfar kara da sanin lokacin ban ruwa sun dace da waɗannan matsaloli, kan kuɗi kaɗan. Akwai aiki biyu a gaban manazarta Hausa. Na farko, masu fassara hasashen yanayi na hukumar NiMet da takardun malaman gona su riƙa amfani da ɗari da hazo da iska a muhallansu, su guji jingina komai ga ƙanƙara. Na biyu, a tattara kalmomin lambu daga bakin dattawan manoman Bici da Bagwai, tare da haɗin gwiwar cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, tun kafin leda da injin su ture kayan aikin da kalmomin ke ambata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shawarar da aka gina a kan kalmominsa ita ce ya fi saurin karɓa.