Bin Layi a Ingila, Jiya da Yau

An daɗe ana yabon Turawan Ingila da bin layi. Halin nan ya kahu sosai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1940 gwamnati ta ƙayyade wa kowa abincin da zai saya, ba a daina ba sai 1954. Mata su kan daɗe tsaye ƙofar mahauci, kowace da katinta. Wadda ta riga zuwa ita a kan fara sallama.

Yau abin ya sake. A London, bas na tsayawa sai kowa ya kutsa. A filin jirgin sama kuwa, mai kuɗi ya kan biya ƙari ya wuce gaba. Abin da dā ake kira rashin kunya, yanzu har rasit ake bayarwa.

Duk da haka halin bai mutu ba. Da Sarauniya Elizabeth ta rasu a 2022, layin masu ban kwana da ita ya kai mil 10, waɗansu har suka kwana a tsaye. Da aka zargi waɗansu sanannu da tsallake layin, jama'a suka yi ta Allah wadai.

Iyaye, yaro ba ya koyon haƙuri a bakinmu kawai. Yana duban inda muka tsaya a layi.