Tattasai, Kanwa da Tsutsar Saiwa: Aikin da Ke Gaban Malaman Gona a Diffa

A watan Agustan 2014 Nijar ta kafa sababbin jami'o'i huɗu a lokaci guda, a Agadas, Dosso, Tilaberi da Diffa, aka ba kowace fannin da ya dace da yankinta. Rabon Diffa shi ne aikin gona da muhalli, shugabanta na farko kuma, Farfesa Ali Mahamane, masanin tsirrai ne. Ba a cika wata shida ba, ranar 6 ga Fabrairun 2015, 'yan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa. Aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da kifi don kada kuɗinsu su faɗa hannun mayaƙa, aka kuma ƙuntata sayar da taki da man fetur. Malamin lissafi zai iya rufe ƙofa ya ci gaba da aikinsa. Malamin gona kuwa dole ne ya je bakin kogi, ya haƙa ƙasa, ya tumɓuke shuka ya duba saiwarta, ga shi bakin kogin nan ne ya zama fagen daga.

Wannan ya sa duk wanda zai auna binciken malaman gona a Diffa sai ya fara da kogin Komadugu Yobe. Ruwan saman yankin bai fi milimita 300 a shekara ba, bai isa a dogara da shi ba. Ruwan da ke rayar da kwarin daga nesa yake zuwa, daga ƙasar Kano da Bauci da tsaunukan Jos, ta kogunan Haɗeja da Jama'are. Yakan ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya wuce Gashuwa da Gaidam, ya zama iyakar Nijar da Najeriya na tsawon kilomita kusan 150, kafin ya zuba a Tafkin Cadi kusa da Bosso. Saboda tsawon tafiyar, ba ya cika a Diffa sai damina ta wuce, wajen Nuwamba zuwa Disamba, sa'annan ya janye da rani. A kan wannan jinkirin Barebarin kwarin suka gina noman tattasai: a yi reno da damina, a dasa, a riƙa ban ruwa da inji, a tsinka sau da yawa cikin hunturu, a shanya har ya bushe ya yi ja, a ɗura a buhu a nufi kasuwannin Najeriya. Kafin rikici, mafi yawan tattasan Nijar daga nan yake fitowa, har ana masa kirari da jan zinariya.

Tattasan nan yana da maƙiya biyu da ido ba ya saurin gani, kuma a nan ne bincike ya fi amfani.

Na farko tsutsar saiwa ce, wadda ƙanƙantarta ta kai sai da madubin ƙara girma ake ganinta. Tana shiga saiwa ta zauna, wurin ya kumbura ya yi ƙulli-ƙulli, hanyar ruwa da abinci ta toshe. Manomi sai ya ga shukarsa ta yi yaushi da tsakar rana alhali ƙasa a jiƙe take, ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, ko ya zaci rashin taki ne ya ƙara kashe kuɗi. Ya fesa magani a ganye, ciwon kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Masana na cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, sun daɗe suna nazarin wannan tsutsa a gonakin kayan lambu na Nijar, kuma abin da ke yaɗa ta sananne ne: maimaita tattasai a fili ɗaya shekara da shekaru, da dasa irin da aka rena a ƙasar da ta riga ta kamu. Maganin ma sananne ne, a tsabtace wurin reno, a riƙa sauya shuka da hatsi, a ƙara takin gargajiya. Wahalar ita ce mutumin da gonarsa guda ce kusa da ruwa, kuma tattasai ne ke biya masa bashi, ba zai bar shi ya shuka dawa don malami ya ce ba. Don haka tambayar da ta rage ta tattalin arziki ce: wace shuka ce za ta rage tsutsar ba tare da ta rage kuɗin shiga ba?

Na biyu gishiri ne da kanwa. Duk ruwan ban ruwa yana ɗauke da ɗan gishiri. Rana ta ƙona ruwan ya tashi, gishirin ya zauna. Idan kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ya matso sama, sai ya riƙa hawowa ta ƙananan kafofin ƙasa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya bushe a sama ya bar farin ɓawo. Saiwa ba ta iya jan ruwa daga ƙasa mai gishiri, sai shuka ta yi ƙishirwa a cikin laima. Kanwa ta fi muni, domin tana wargaza tsarin yumɓu, ƙasa ta daskare, ruwa ya kasa nutsewa. Ana iya wanke fili da ruwa mai yawa idan akwai magudana, ana iya gyara ƙasa mai kanwa da jibsin, amma kafin a kai nan sai an san inda matsalar take da zurfinta. Wannan aikin awo ne na shekaru, a rijiya ɗaya, a fili ɗaya, wata bayan wata. Ba ya fito da sunan malami da wuri, masu ba da tallafin bincike ma ba su cika son sa ba, ni kuwa a ganina babu aikin da ya fi shi muhimmanci a kwarin. Shi ne kuma rashin tsaro ya fi cutarwa, don awon da aka yanke na shekara uku ba a komawa a cike shi.

A yamma, a Maine Soroa da Gudumariya, matsalar rairayi ce. Kwarurrukan da ake noman dabino da kayan lambu da haƙar kanwa suna tsakanin tuddan yashi masu tafiya, ana tare su da shingen kalimbo da na kaba kafin a dasa itatuwa. A gabas, a gindin tafkin, akasin haka ne: itacen da aka shigo da shi don yaƙi da hamada, Prosopis, ya mamaye wuraren da ruwa ya janye ya zama kurmi mai ƙaya, yana ba da gawayi da abincin dabba, yana kuma cinye makiyaya da hanyar kwalekwale. Tafkin da kansa ya sauko daga murabba'in kilomita kusan 25,000 a shekarun 1960 zuwa kusan 2,000 a shekarun 1980, sa'annan ya farfaɗo gwargwado. Masu cewa yana ƙafewa ba tsayawa sun sauƙaƙa zancen. Hawa da sauka yake yi, kuma noman bakin tafki ya dogara ne da wannan janyewar.

Akwai kuma shanun Kuri, farare marasa tozo masu kumburarrun ƙaho, waɗanda ke iyo tsakanin tsibirai, da madara mai yawa. Gwamnati na kiwon garkensu a cibiyar Sayam. Da aka kwashe mutane daga tsibirai a 2015, shanun suka fito tudu suka ƙara cuɗanya da masu tozo, barbara kuwa ba ta jiran izinin kowa. Masanin dabbobi da ke son adana wannan jinin ba shi da lokaci mai yawa.

An ɗage haramcin tattasai a 2017, na kifi a 2019. A watan Yunin 2021 aka mayar da mutane kusan 6,000 garinsu Baroua, kusa da Bosso, bayan shekara shida suna gudun hijira; a watan Agusta aka sake kai hari a can, sojoji 16 suka rasu. Manomin da ya koma irin wannan gari yana da tambayoyin da littafi bai amsa ba. Filin da ya huta shekara shida, tsutsa ta ragu a cikinsa ko kanwa ta ƙaru? Irin tattasan da iyali ke ajiyewa daga kaka zuwa kaka, nawa ya tsira? Tattara wannan iri daga hannun tsofaffin manoma a adana shi aiki ne da ɗalibai 'yan asalin kwarin za su iya, tunda suna jin Barbarci kuma suna shiga inda baƙo ba ya shiga.

Abin da malaman Diffa ba za su iya su kaɗai ba shi ne sanin halin kogin. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da na Challawa a 1992 sun sauya yadda ruwa ke sauka, ciyawar kacala ta toshe rassan kogi a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliya kuma ta yi ɓarna a Diffa a 2012, 2019 da 2022, ta cinye gonakin tattasai da shinkafa. Ma'aunin ruwa na Bagara, a bakin garin Diffa, yana nuna abin da ya riga ya iso ne kawai. Labarin abin da ke tafe yana can sama, a Kano da Haɗeja da Gashuwa, makonni kafin ya kai iyaka. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana bakin kogin nan, Jami'ar Maiduguri da cibiyar binciken Tafkin Cadi suna nan tun 1975, Hukumar Tafkin Cadi tun 1964. Ɓangaren Nijar yana rubutu da Faransanci, na Najeriya da Ingilishi, amma da Barbarci da Hausa manoman gaɓa biyun suke ciniki. Adadin ruwan da ya wuce Gashuwa a watan Satumba, in ya isa rediyon Diffa cikin waɗannan harsuna, zai gaya wa mai dashen tattasai ko ya dasa a gangare ko ya hau tudu.